Na je inda tazargade ke fitowa

 

Daga Dogon Dutsi har Gure, da wuya ki shiga ɗakin mace ki buɗe kwalla ko ƙasan adaka ba ki tarar da ƙullin tazargade ba. In ciki ya murɗa mu jiƙa shi. In mura ta toshe hanci mu yi surace da shi. Maijego na zuba shi cikin ruwan wanka, wasu kuma su sa shi tsakanin tufafi don ƙwari. Amma ki tambayi mace goma inda yake tsirowa, tara za su ce miki “arewa” su yi shiru, ta goma ta ce Abzinawa ke kawo shi. A bushe muka san shi, a murmushe, cikin leda a gaban ɗan koli.

Bana ɗiyar ƙanwata ta haihu a Agadas, tafiya suna ta kama ni. Da na faɗa wurin taro, mata uku na ƙungiyarmu masu saida kayan ƙamshi sunka ce tunda Allah ya kawo hanya, in dubo musu farashi can tushe, don abin da suke saye nan ya riga ya bi hannu uku ko huɗu. Anka fitar da jikka 40 daga asusu, ma'ajiya ta rubuta, na sa hannu.

Daga Tasawa na kama hanya, na kwana Damagaram, da asuba munka shiga kar ta Agadas. Tsakanin garuruwan biyu kilomita 450 ne ko kusa da haka, kuma wadda za ta tafi kada ta manta da katin ɗan ƙasa, don ana tsayawa shinge-shinge. Har Tanut ido bai baƙunta ba: gonakin Damargu ne, karan hatsi a kwance, rumbuna, jakai da kulan ruwa. Bayan Tanut ne ƙasa ke fara tuɓe kayanta. Gawo ya ɓace, sai aduwa da kandili da tumfafiya nan da can, sai karangiya wadda in kin sauka kama ruwa za ki dawo da ita a zane ki yi ta cira har Adarbisanat. Raƙuma na tsaye bakin hanya suna cin dayi, wannan ƙayar mai fure da ke shimfiɗe a ƙasa, kamar ba ƙaya suke tauna ba. Ku riƙe sunan dayi, zan dawo kansa.

Da la'asar sakaliya munka hango hasumiyar masallacin Agadas. Ta ƙasa ce zalla, da itatuwa sun fito mata ta kowane gefe, tsawonta mita 27. An gina ta wajen 1515, anka sake gina ta 1844, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin wuraren tarihin da duniya ta yarda a kiyaye. Ban daɗe wurin kallo ba. Hidimar suna ta ci kwana biyu, rana ta uku na ce wa ƙanwata ta raka ni kasuwa.

Layin masu magani ba a tambayar inda yake, hanci ke kai mutum. Buhuna ne a jere baki buɗe, ga saiwoyi, ga ɓawon itace, ga kanwa da gishirin Bilma, ga cuku a ɗaure. Hausa ake ciniki da ita, ko da yake tasu ta ɗan karkata, sai kin kasa kunne. Na tsaya gaban wani dattijo mai rawani shuɗi na ce ina son tazargade na sari. Ya dube ni ya ce, “Hajiya, wane iri?” Ashe iri-iri ne. Ya buɗe buhu uku. Na farko fari-fari ne kamar an barbaɗa mishi toka, ƙamshinsa na tashi tun kafin ki sunkuya. Na biyu ya fi duhu, ya fi ɗaci a harshe. Na uku kusan duk itace ne da ƙura. Ya ce wani daga duwatsun Abzin ake sauko da shi, wani kuma daga can arewa ta wajen Tamanrasat a Aljeriya yake biyo manyan motoci. Na uku kuwa, ya yi dariya ya ce, shi ne wanda ya fi tafiya kudu, don ku can ba ku tambaya.

Maganar ta yi mini zafi, amma da na murza na ukun a tafin hannu na gane shi sarai. Shi ne wanda muke saye.

Ya koya mini abin da ake dubawa. A ɗibi kaɗan daga tsakiyar buhu, kada a yarda da na sama. A murza, a shinshina, a jira kaɗan a sake shinshinawa; mai kyau ƙamshinsa na nan a hannu har bayan an wanke. A nemi ƴan ƙananan kawuna masu ruwan ɗorawa, ƙanana kamar ƙwayar gero. Furen ke nan, kuma in suna da yawa an yanke shi kan lokaci. In kin ga saiwa a ciki, in ji shi, wanda ya ɗebo ba mutumin kirki ba ne. Ban gane wannan ba sai da na je dutse.

Mijin ƙanwata yana harkar albasa, yana da mota mai zuwa Tabelot ɗauko kaya. Na roƙa anka sa ni gaba kusa da direba. Hanyar ba kwalta, duwatsu ne baƙaƙe kamar an ƙone su, da rairayin ƙorama inda mota ke nutsewa a sauka a tura. Da farko ana bin gefen Telwa, ƙoramar da ke shayar da Agadas, goriba cike da bakinta. Daga nan sai hawa da gangara, ƙashin bayana ya faɗa mini shekaruna. Amma duk inda ƙorama ta yi kwana sai ki ga kore ya ɓullo tsakiyar dutse: garake ne na albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da alkama, dabino na yi musu inuwa. Yawanci injin ke jawo ruwa yanzu. Wuri guda na ga raƙumi na jan babbar guga ta fata, yaro na gaba da shi, ya je ya dawo, ruwa na zuba cikin kwararon itace yana bin kwali-kwali. Direba ya ce da duk haka ake yi.

Tabelot na gindin Bagazam. Sunan ba baƙo ba ne gare mu, dutsen nan ne da sarakuna ke neman dawakinsa tun zamanin kakanni. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu inda ya fi ta tsawo a Nijar duka. A samansa akwai ƙauyuka da garake da idanun ruwa, kuma jaki da ƙafa su ne motar wurin. Ni dai daga ƙasa na ɗaga kai na gaishe shi. Sanyin dare kuwa, jaurar da muke kuka da ita a Tasawa wasa ce. Da zane uku da bargo na kwana, haƙora na kaɗawa.

Matan dutsen nan an san su da sanin itatuwa, kuma daga uwa ko inna ɗiya ke gadon sanin. Matar mai garkar da munka sauka ta kai ni wurin wata tsohuwa da ta sauko daga sama wurin jikokinta. Hausarta kaɗan ce, jikarta ke fassara. Ta ba ni shayi, ta jefa ɗan reshe guda cikin buta, sai shayin ya ɗauki wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci da ya buɗe mini ƙirji. Na ce, “Inna, so nake in gan shi da ransa.” Ta ce, “Ɗiyata, tashi.”

Bayan garka, kusa da inda ruwan rijiya ke tsiyaya, ga shi nan guda huɗu ko biyar da ta bari don buƙatar gida. Bai wuce gwiwa ba. Ya yi cunkus kamar ƙaramar tsintsiya da anka kafa a ƙasa, ganyensa tsage-tsage, launinsa tsakanin kore da toka, da laushi in kin shafa. Na shafa sau ɗaya, har dare hannuna na ƙamshi. Shekara arba'in da wani abu ina shan abin nan, ranar na fara ganin shi tsaye.

Ta nuna mini yadda ake yanka: da wuƙa, a bar kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa, a ɗauki na wannan gindi a tsallake na gaba. A shanya a inuwa, don rana na shanye ƙamshin. Ta ce gindin da anka yanka haka zai sake tohowa in an samu ruwa, ko da kaɗan ne. Abin da ke ɓata mata rai shi ne samari masu zuwa da buhu su tumɓuke shi da saiwa don ya yi nauyi kuma aiki ya yi sauri. Ta nuna wani kwari da hannu ta ce tana yarinya nan suke ɗiba, yanzu sai an yi tafiyar yini. Shekarar da ruwa bai sauka kan dutse ba kuwa, babu shi sam, sai tsohon ajiya. Nan na gane maganar dattijon kasuwa. Mu ma nan kudu mun san wannan ciwo, mun ga yadda anka yi wa wasu itatuwanmu na magani kwasar ɓawo har sunka mutu a tsaye.

Masana tsirrai na kiran wannan zuri'a Artemiziya, kuma ire-irenta sun haura 300 a duniya, yawancinsu a wurare masu ƙarancin ruwa ko masu sanyi. Gashin nan mai kamar toka da ke jikin ganye shi ke kare shi daga rana ya rage mishi asarar ruwa, ɗacin kuma na korar dabbobi da ƙwari. Larabawa na ce wa nasu shihi. A Maroko akwai wani da suke sa wa shayi lokacin sanyi in na'ana'a ta yi wuya. Zuri'ar kuma tana cikin wani babban dangi wanda alamarsa ke ga fure: abin da ido ke gani kamar fure guda, in kin tsaga shi, furanni ne ƙanana da yawa sunka taru kan kai ɗaya. Dayin da raƙuma ke ci a hanya ɗan wannan dangi ne. Haka shuwaka da muke miya da ita, haka kashin yawo mai manne wa awaki a gashi, har da salatin da ake nomawa a garakenmu. Ki bar salati ya tsufa ya yi fure ki duba, za ki gani. Shi ma in ya tsufa ɗaci yake, halin gidansu ne.

Yanzu ga maganar da ta fi sa ni ɗaukar alƙalami.

A cikin zuri'ar nan akwai wani ɗan uwa da ke fitowa a ƙasar Sin, kore shar, ya fi mutum tsawo, shekara guda yake yi ya mutu. A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro na kashe sojoji, gwamnatin Sin ta tara masana su nemo sabon magani. Wata mata mai suna Tu Youyou ta shugabanci wani rukuni daga 1969. Ita da abokan aikinta sunka tattara magungunan gargajiya sama da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani. Wannan tsiro na ciki, amma in sun dafa shi wani lokaci ya yi aiki wani lokaci ya ƙi. Sai ta koma ga wani littafi da anka rubuta shekara wajen 1,600 da sunka wuce, ta lura cewa mai littafin jiƙawa ya ce a yi a matse, bai ambaci dafawa ba. Ta gane zafin wuta ke lalata maganin. Ta canza hanya, a gwaji na 191, cikin 1971, abin ya kashe ƙwayar cutar a jikin dabbobin gwaji. Kafin a ba kowa, ita da abokan aikinta sunka fara sha da kansu. A 2015 anka ba ta kyautar Nobel. Sinadarin da ta fitar, artemizinin, daga gare shi ake yin Coartem da ire-irensa da ake ba mu a likita in gwajin yatsa ya nuna palu.

Labari ne mai daɗi, kuma mace ce, ina jin daɗin faɗinsa. Sai dai an ɗauko shi an ɗora wa tazargadenmu, kuma nan ne haɗarin yake. Kun tuna 2020, da shugaban Madagaska ya fito da wani ruwan magani na Artemiziya ya ce na korona ne? Tun daga lokacin saƙonni ke yawo a WhatsApp cewa tazargade shi ne “ainihin” maganin palu, wai Turawa cikin kwali kawai suke sa shi su saida mana. Ƴan uwa, dangi ɗaya ba jiki ɗaya ba ne. Gero da dawa ƴan gida ɗaya ne, amma ba wadda za ta ce duk abin da ke cikin wannan yana cikin wancan. Daga na Sin ɗin nan ake fitar da artemizinin, ba daga na hamada da ke cikin kwallayenmu ba. Ko na Sin ɗin ma, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fito a 2019 ta ce kada a dogara da shayinsa ko garinsa wurin maganin palu ko rigakafinsa. Dalili shi ne ƙarfin maganin a ganye ba ɗaya ba ne, ya danganta da iri da ƙasa da yadda anka shanya. In ya yi kaɗan, zazzaɓi zai lafa, ƙwayar cutar ba ta mutu duka ba, wadda ta tsira kuma ta koyi jure maganin. Mu da munka girma da nivakin mun ga yadda ya daina aiki a gaban idonmu. An riga an ga alamun irin wannan jurewa ga artemizinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. In wannan ma ya lalace, ɗiyanmu za su biya.

Na tambayi tsohuwar nan kai tsaye, ta bakin jikarta: in yaro ya yi zafin jiki bayan ruwa ya sauka, tana ba shi? Ta girgiza kai. Ta ce nata na sanyi ne da ciki da tsutsa. Zazzaɓin damina mai sa yaro amai da fizga, likita take tura uwarsa, kuma ba ta yarda a kwana. Wannan mace ce da ba ta taɓa shiga aji ba, kuma da itacen nan take ci. Abin da ta faɗa shi ne abin da majo ke faɗa mana kullum: palu mai tsanani na iya ɗauke ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya. Kwana biyun da za a yi ana jiƙa ganye ana jira a gani, su ne kwanakin da ake rasa yaro cikinsu. Kowace unguwa tana da gidan da anka yi haka, ba sai na faɗi suna ba.

Ta ƙara da wani abu ba tare da na tambaya ba. Ta ce mai ciki ba ta ba ta, ko ta roƙa, don yana iya taɓa cikin. Jariri kuma ba a ɗura mishi. Babba ma ɗan kaɗan ne, kwana biyu ko uku, a bari. Na yi tunanin yadda wasunmu ke cika kofi da shi baƙi ƙirin suna cewa ɗaci shi ne magani.

Na kwana biyu Tabelot, na biyo motar albasa na dawo, ina zaune kan buhu wannan karon don wani tsoho marar lafiya ya karɓi gaba.

Batun sari kuwa, ga abin da na gani. Can ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma mai kyau ne. Amma abu ne marar nauyi mai cin wuri, masu mota kuwa buhu suke ƙirgawa, don haka kuɗɗin ɗauka na cin riba sosai. Sannan ba ya fita da sauri. Mai saye na dala goma ko ashirin take saye, ƙulli guda ya kai ta wata uku. Kuɗɗin asusu in sun kwanta cikin buhu wata shida, wata ƴar ƙungiya ce ta rasa bashin da za ta ja ta sayi gujiya ta yi mai. Ga shi in ya daɗe ƙamshi na tafiya, in damina ta same shi a ɗaki mai laima ya yi fumfuna. A ganina ba sana'ar da za a zuba mata rabin asusu ba ce. Ƙari ne ga wadda ta riga tana da tire na citta da kanumfari da masoro.

Buhu biyu na saya daga na fari-farin, bayan na zazzage su a kan tabarma na tabbata babu saiwa, na maido da sauran kuɗɗin ga ma'ajiya. Wurin taro munka yi shawara, munka tsaida abu biyu. Za a zuba shi cikin bokitai masu marfi a ɗora bisa, kada ya taɓa ƙasa. Kuma duk wadda ta ɗauka don saidawa ba za ta kira shi maganin palu ba, ko mai saye ce ta fara faɗi. In uwa ta zo nema don yaro mai zafin jiki, a nuna mata hanyar likita tukuna. Wata ta ce hakan zai rage ciniki. Zai rage, anka ce mata, kuma anka rubuta shi hakanan cikin littafi.

Motocin albasa na ci gaba da saukowa har ƙarshen sanyi. Ƙungiyar da ke kusa da mu da ke son a haɗa saƙo don a raba kuɗɗin mota, ta sanar da wakiliyar yankinta kafin watan ya fita, ta kuma aiko da buhunta wankakke, wanda bai taɓa ɗaukar takin zamani ko maganin ƙwari ba.